Zuciyata Ce

Mai Kunne ya sunkuyar da kansa cikin bonet ɗin motar, kunnensa na dama dab da injin, amma leɓunansa wani abu daban suke karantawa. A aljihun rigarsa ta aiki akwai takarda mai shafi biyu da 'yarsa ta rubuta masa, kwana tara ke nan yana haddarta kamar ɗan firamare.

"Ƙara ba ta wuta," ya ce wa mai motar.

Injin ya yi gurnani. Ya saurara, sannan ya ɗaga hannu.

"Kashe."

"Ai na faɗa maka fulogi ne," in ji mai motar.

"Ka faɗa, amma ita ba haka ta ce ba. Famfon ruwa ne ya fara kuka. Ka bar ta zuwa gobe, yau ina da uzuri."

Abin da ya sa ake ce masa Mai Kunne ke nan. Shekara ashirin da shida yana garejin nan, ba ya kwance inji sai ya saurare shi, kuma da wuya ya kwance inda ba nan ba ne.

Mai Walda, maƙwabcinsa na rumfa, ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi.

"Yau su Mai Kunne za a yi wa manya lacca! To don Allah a kankare baƙin man nan na farce, kada likitoci su ɗauka kai ne marar lafiyar su kwantar da kai."

"Kai dai ji da idonka da walda ta cinye. Ba kai ne jiya ka gaida ganga kana ce mata ranka ya daɗe ba?"

"Ai ta fi ka amsa gaisuwa."

Mai Kunne ya yi dariya, ya sunkuya ya ɗauki akwatin kayan aikinsa. Bai kai ƙofar rumfa ba abin ya taso masa, wani nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa batirin babbar mota, yana tafiya har kafaɗar hagu. Ya ajiye akwatin ya yi kamar yana neman mabuɗi a aljihu. Wata biyu ke nan abin yana zuwa yana tafiya. Ya sa wa ransa damuwa ce, tunda tun ranar da aka fara maganar taron nan bai sake samun natsuwa ba.

Taron kuwa na wata gidauniya ce mai yaƙi da ciwon zuciya. Za ta ɗauki nauyin horar da ma'aikatan ƙaramin asibiti guda ɗaya na tsawon shekara, su koyi gane ciwon tun kafin ya kayar da mutum. Asibitoci uku ne suka rage a takara, cikinsu har da na unguwarsu, inda 'yarsa take aikin nas. An ce kowane asibiti ya zo da mutum ɗaya daga cikin jama'a wanda abin ya taɓa shafa, ya yi bayani da bakinsa, kuma a yau za a yanke. Nas, kamar yadda unguwa ke kiran 'yar tasa, ba ta yi dogon nema ba. Mahaifiyarta ta rasu da ciwon shekara huɗu da suka wuce, kwana ɗaya bayan an sallame ta daga wannan asibitin da maganin gyambon ciki.

Da ya isa gida ya tarar ta goge masa farar rigarsa ta rataye ta a reshen bishiyar lemon da ke tsakar gida. Bishiyar ta yi 'ya'ya bana har rassan sun rusuna. Ya cire rigar ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba.

"Baba, ka ci wani abu?"

"Na ci, Uwata."

"Me ka ci?"

"To alƙali, shayi na sha."

"Shayi ba abinci ba ne. Ina takardar?" Ta karɓa ta buɗe, ta ga shatin babban yatsansa na baƙin mai a gefen shafi na biyu, ta girgiza kai. "Ka sa mata hatimi ke nan. Baba, kada ka yi sauri in kana karantawa. In ka zo wurin da na yi maganar Likitan asibitinmu ka tsaya kaɗan, ka dube su. Wurin nan shi ne maganar gaba ɗaya."

"Shi Likitan ya san abin da kika rubuta a kansa?"

"Shi ya fara karantawa. Cewa ya yi in ƙara gishiri ma in ina so, in dai za a ba mu."

A cikin bas sun samu kujera ɗaya ta mutum biyu a baya. Nas ta rungume fayil ɗinta tana bitar alƙaluman da za ta gabatar, shi kuma ya jingina kansa da gilashi. Yana jin ƙarar giyar bas ɗin, ya san direban zai sha wahala kafin wata ya ƙare, amma tunaninsa bai zauna a nan ba.

Kafin wannan bishiyar akwai wata. Marigayiya ce ta dasa ta da hannunta shekarar da suka tare a gidan, ta rene ta da ruwan wanke-wanke har ta fi katanga tsawo. Wata rana da safe, tana kasuwa, ya sa gatari ya sare ta, don yana son wurin da zai riƙa ajiye motocin mutane da ke kwana a hannunsa. Bai yi shawara da ita ba. Da ta dawo ta tsaya a kan kututturen da kwandonta a hannu. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ta juya.

A rana ta uku tana wanki, ta miƙe ta dafa bango ta ce, "Malam, zuciyata na min ciwo."

Ya ce, "Na sani. Ki yi haƙuri, na yi kuskure."

Ta dube shi kamar za ta ƙara magana, sai ta koma kan wankinta. Washegari ta sake faɗa, ya fita ya samo dashen lemo a cikin baƙar leda, ya haƙa rami a gefen kututturen ya dasa, yana zolayarta cewa nan da shekara uku sai ta gaji da tsinka. A rana ta biyar ta yi amai, gumi ya jiƙe mata riga, ta ce ƙirjinta kamar an zuba garwashi. Sai ya ɗauke ta zuwa asibitin unguwa.

A lokacin Nas tana makarantar koyon jinya a wani gari. Abin da ta sani shi ne an kai mahaifiyarta asibiti, an ba ta maganin gyambon ciki ba tare da an auna ta ba, washegari da la'asar ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Abin da aka yi a cikin ɗakin dubawar kuwa, ban da wata mai shara da ke wurin, mutum uku ne suka sani, ɗaya tana ƙasa.

"Baba, mun iso."

Babban asibitin ya cika da mutane masu fararen riguna da jan zane na zuciya a ƙirji. An manna hotuna a bangon baranda: rage gishiri, auna jininka, yi tafiya da ƙafa. Nas ta shiga ciki don ta ba da sunayensu. A kan benci kusa da ƙofar zauren ya hangi Likita yana zaune da hularsa a gwiwa.

Ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne da ya yi kwas na shekara biyu tun yana saurayi, amma shekara talatin unguwa ba ta san wani likita ba sai shi. Shi ya yi wa Nas rigakafi tana jaririya, yanzu kuma shi ne shugabanta a wurin aiki. Shekara huɗu Mai Kunne yana sauya hanya in ya hango shi.

Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi aiki, gaisuwar ta ƙare ba su da sauran wurin ɓuya.

"Likita, ka ga abin da yarinyar nan ta rubuta."

"Na gani. Ta iya rubutu."

"Za a tsaya gaban jama'a a ce kai ne."

"To ba ni ba ne? Na auna ta? Ban auna ta ba."

"Ka ɗauko abin awon. Da idona na ga ka ɗauko. Ni na..."

"Mai Kunne." Likita ya juya hular a hannunsa. "Da na san aikin yadda ya kamata, da ba ka isa ka hana ni ba. Ka karanta yadda ta rubuta. Yaran nan suna bukatar kwas ɗin, ita kuma tana bukatar ubanta. Kada ka je ka ɓata biyu a lokaci ɗaya."

"Ba ka taɓa faɗa mata ba."

"Me zan faɗa mata? Tashi, ga ta can tana yafito mu."

Zauren ba shi da girma. Mutum biyar na gidauniyar suna zaune a bayan dogon tebur, a tsakiyarsu Shugaba, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci wadda aka ce likitar zuciya ce kafin ta yi ritaya. Asibitin farko suka kawo wani malamin makaranta da ya yi bayani da turanci mai santsi har aka tafa. Na biyu suka kawo wata mata da ta rasa ɗanta, kuka ya hana ta ƙarasawa. Sannan Nas ta tashi ta karanta alƙalumanta: mutum nawa suke gani a wata, nawa ke da hawan jini ba su sani ba, na'urar awo guda nawa ke aiki. Ya dube ta ya ga tsayuwar mahaifiyarta sak, har yadda take dafa tebur da yatsu uku.

Aka kira shi. Ya gyara abin maganar, ya yi sallama, ya buɗe takardar.

Shafin farko ya tafi lafiya. Ya faɗi sana'arsa, da shekarun da suka yi da matarsa, da 'ya'ya huɗun da ta bari. Ya juya shafi na biyu, babban yatsansa ya sauka daidai kan shatin baƙin man. Layin yana nan ƙarƙashinsa: ma'aikacin da ya duba ta bai gane ba, bai ko auna ta ba, domin ba a koya masa ba.

Ya tsaya, kamar yadda Nas ta ce ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dube su, kamar yadda ta ce. Sai idonsa ya wuce teburin ya sauka kan Likita a layi na uku, ya sunkuyar da kai yana jiran a ambace shi.

Mai Kunne ya ninke takardar.

"Ranki ya daɗe, abin da ke rubuce a nan gaskiya ne, amma da saura. Wadda ta rubuta ba ta san sauran ba."

Bai dubi inda Nas take ba. Ya ba su labarin bishiyar, da gatarin, da kwana biyun da ba a yi masa magana ba.

"Sau biyu matata ta ce min zuciyarta na ciwo. To mu a wajenmu, in mace ta ce wa mijinta zuciyarta na ciwo, abin da ke fara zuwa kansa shi ne, me na yi mata? Ni kuma na san abin da na yi. Kalmar ɗaya ce, ranki ya daɗe. Wanda aka ɓata wa rai ciwon zuciya, wanda tsokar ke mutuwa a ƙirjinsa ciwon zuciya. Na ɗauki wadda na fi sani. Da muka je asibiti bawan Allahn nan ya tambaye ta me ke damunta, ta ce, zuciyata ce. Ya miƙa hannu ya ɗauko abin awo. Sai ni na yi dariya na ce, Likita rabu da ita, fushi take da ni, bishiyarta na sare. Ya yi dariya. Wata mai shara da ke wurin ta yi dariya. Ita ma..." Ya gyara riƙon takardar. "Ita ma ta yi murmushi, don ba ta son ta ƙaryata ni a gaban mutane. Ya mayar da abin awon cikin aljihun tebur."

Zauren ya yi tsit, har ana jin fankar sama tana kaɗawa, kuma ko a wannan hali kunnensa ya gaya masa ƙarfen da take juyawa a kansa ya kusa cinyewa.

Shugaba ta cire tabaraunta.

"Malam, Allah ya jiƙanta. Amma bari in tambaye ka, don mu horo muka zo bayarwa. In haka abin ya faru, ai ba rashin horo ba ne ya kashe ta ke nan. Ko an horar da shi, kai ne ka karkatar da shi."

Nan ya gane abin da Likita ya ce kada ya ɓata. Ya ji gumi yana bin bayansa. Ya dubi hannayensa, baƙin man da bai fita daga farcen ba.

"Ranki ya daɗe, ni bakanike ne. Yau da safen nan wani ya kawo min mota ya ce fulogi ne. Motarsa ce, shi ke tuƙa ta kullum, amma ban kula shi ba, na ce ya tayar in ji. Ba don na fi shi hankali ba. Shekara bakwai maigidana yana kama ƙeyata yana kifa ni a kan inji, yana cewa rabu da mai mota, saurari mota. Shi wannan ba wanda ya taɓa kama ƙeyarsa. Maza irina ba za su ƙare ba, gobe ma wani zai raka matarsa ya yi mata bayanin ciwonta. Ku koya musu yadda za su ce masa ya yi shiru."

Ya koma ya zauna. Ba a tafa ba. Nas tana kujerar da ke kusa da tasa, ta ƙura wa fayil ɗinta ido, ba ta matsa ba, ba ta kuma juyo ba.

Sai bayan azahar aka sake kiran mutane ciki. Shugaba ta ce sun yi muhawara sosai, kuma sun ba asibitin unguwarsu gurbi huɗu. Ta karanta sunaye, na Nas ne na biyu. Na Likita ba ya ciki, don ƙa'idar gidauniyar ba ta ɗaukar wanda ya rage masa ƙasa da shekara uku ya yi ritaya. Da aka fito Mai Kunne ya tare shi zai yi magana, Likita ya riga shi.

"Na sani tun kafin mu zo. Ni da wannan furfurar a aji? Sai dai su dawo su koya min." Ya sa hularsa. "Ka yi taurin kai, amma ka gyara. Saura ɗayan." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa, inda Nas ta riga ta yi gaba.

Daga ƙofar asibitin zuwa tashar bas akwai ɗan hawa. Tana gaba da taku uku, yana biye. A tsakiyar hawan ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Shekara huɗu, Baba. Kullum ina shiga ofis ina gaida mutumin nan da abu a raina. Akwai ranar da na ƙi cin abincin da matarsa ta aiko."

"Na sani, Uwata."

"Ba ka sani ba. Ni nake ba bishiyar nan ruwa. Ka ce min ita ta dasa kafin ta rasu."

Ta ci gaba da tafiya, ya bi ta, sai nauyin nan ya sauko masa, ya fi na safe, ya bi kafaɗa har cikin muƙamuƙi. Akwai wani benci na siminti a gefen hanya, ya lallaba ya zauna. Ta yi nisa kafin ta lura babu takunsa a bayanta. Ta dawo ta tsaya a kansa, fuskarta a ɗaure.

"Mene ne?"

"Ba komai. Zuciyata ce kawai. Kin san maganar nan da na tono, dole mutum ya ji..."

"Baba, yi shiru."

Ya yi shiru. Ta ajiye fayil ɗin a ƙasa, ta durƙusa a gabansa, ta kama wuyan hannunsa da yatsu uku tana duban agogonta. Idanunta sun yi ja. Ta dubi gumin goshinsa, ta dubi leɓunansa.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Ta rufe ido ta buɗe.

"Ban ce ka ba ni labari ba. Nuna min da hannu, daidai inda yake."

Ya ɗaga hannunsa mai baƙin farce ya dunƙule shi a tsakiyar ƙirji, sannan ya ja shi a hankali zuwa kafaɗar hagu. Ta ɗauki fayil ɗinta ta soke a hammata, ta sa ɗaya hannun ƙarƙashin nasa ta ɗaga shi, ta juya da shi suka fuskanci ƙofar da suka fito.

"A hankali," ta ce. "Gangara ce."